Karen da Kaka Ta Zaunar

Shekaranjiya ina fitowa daga ɗaki sandata ta bugi tayil sau biyu, ƙwas, ƙwas, ba da niyya ba. Na tsaya cak a tsakiyar falo. Jikata ta ɗago kai daga wayarta ta ce ko ƙafar ce ta motsa. Na ce ba ƙafar ba ce. Ba ta sake tambaya ba, ni ma ban ƙara mata ba. Ku zan gaya wa, domin ƙarar nan ta fi shekara sittin tana bina.

A can ƙarshen unguwar Kurayyat a Jidda na tashi, lokacin da bayan gidanmu babu komai sai fili mai gishiri-gishiri da tarin shara. Gidan na gwangwanayen kananzir ne da aka farke aka daddale, aka buga a jikin katako. Sandaƙa ake ce wa irinsa. Da rana in kika jingina da bango sai ya ƙona miki baya, da safe kuma raɓar teku ta jiƙe shi sharkaf, ya riƙa warin tsatsa. Mu biyar ne a ciki: Baba, Inna, ni, ƙanwata mai rarrafe, da Kaka, uwar Baba.

Kaka da ƙafa ta zo daga ƙasar Hausa. Shekarun da ta yi a hanya ba ta ƙirga su, amma suna nan a dunduniyarta. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma maimaita abin da ta faɗa. Awaki take kiwo a wani ɗan garke daura da ƙofarmu, tana ba su ciyawar barsim in an samu, in ba a samu ba su ci takardar buhun siminti. Karnukan juji kuwa sun matsa mata. Sau biyu suna tona ƙarƙashin garke su ja ɗan akuya. A karo na uku ta tafi jujin da kanta ta dawo da ɗan kwikwiyo a cikin kwando, ja, mai kunne ɗaya a karye.

Baba haihuwar Jidda ne, kuma ya ɗauki ƙyamar kare irin ta mutanen gari. Ya ce, "Ya ummi, haram. Me maƙwabta za su ce? Najasa a ƙofar gida?"

Kaka ta ce, "Malaman garinmu sun ce mai kiwo ya ajiye. Kai da aka haifa jiya a bakin teku ka fi su karatu? In ba ka so, ka kwana a garken ka yi haushi."

Nan maganar ta tsaya. Amma aka kafa doka: ba ya shiga gida, kwanonsa daban, ba mai taɓa shi, ba mai yi masa magana sai ita. Ko suna ba ta sa masa ba.

Abin da take tsoro ba karnukan juji ba ne. Masu nama take tsoro. Duk sanda aikin hajji ya gabato, a kan share gari saboda baƙi, sai wasu mutane su zagayo da mota da safe, ɗaya a baya riƙe da bokiti, yana jefa gutsattsarin nama mai guba a lungu-lungu. Da yamma amalanken jaki ya biyo ya kwashe gawarwakin karnuka. Na taɓa ganin karen da ya ci. Ƙafafunsa suka miƙe kamar itace, bayansa ya lanƙwashe, idonsa a buɗe yana kallon mutane. Inna ta rufe mini fuska da mayafinta, amma na riga na gani.

To, don ranar nan Kaka ta fara koya masa zama.

Kullum bayan sallar asuba take yi, a gindin bangon garke, inda inuwa take kwanciya da safe. Ni ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa, ina kallo. Za ta nuna ƙasa da sanda ta ce, "Zauna." Ta ja da baya taki ɗaya, ta dawo, ta jefa masa gutsuren gurasar tamis. Kwana da kwanaki taki ɗaya kawai. Sannan biyu. Sannan ta juya masa baya. In ya tashi ba ta dukansa, ba ta ko ɗaga murya. Ta mayar da shi daidai inda gindinsa ya bar shaida a ƙasa, a sake daga farko. Ni da nake kallo nakan gaji kafin su gaji.

Da ya iya wannan, ta fara ɓacewa bayan garke. Ta saki awaki su wuce ta gabansa. Ta sa mai ruwa ya bi da jakinsa kusa da shi. Ta jefa tsakuwa ta gefen kunnensa. Daga ƙarshe ta kawo naman. Ta ajiye a gaban hancinsa, ta tafi ta yi tatsa. Yawu yana zuba har ƙasa ta jiƙe, jikinsa yana rawa, amma bai miƙa wuya ba. Ko ruwa aka ajiye masa, in yana zaune ba ya sha.

Ba ta taɓa kiransa daga nesa ba. Sai ta tako har gabansa, ta buga sanda a ƙasa sau biyu, ta ce, "Yalla." Nan ne zai zabura kamar an kwance igiya.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Kaka, in gwada?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke da ko shinkafa ba ki iya tsincewa ba? Ni na zaunar da shi, ni zan tashe shi. Koma wurinki."

Na koma. A gidanmu in babba ya ce ki zauna, kin zauna ke nan.

Shekarar da abin ya faru hajji ya faɗo a tsakiyar zafi. Tun asuba iska ba ta motsi, sama ta yi fari fat, ƙudaje ma sun lafe. Kaka ta tashi tana dafe ƙeya, ta ce kanta ya yi nauyi. Inna ta ce ta kwanta, ta ce awaki ba su san kwanciya ba. Tana cikin tatsa muka ji motar. Ba a saba jin mota a lungunmu ba, kuma wannan tafiyarta a hankali take, ta tsaya, ta ci gaba, ta tsaya.

Kaka ta fito da sauri, ta nuna gindin bango. "Zauna." Ya zauna. Ta zaga baya don ta koro wata akuya da ta fita.

Motar ta shigo. Mai bokitin ya ɗaure hancinsa da ƙyalle. Ya ga karen, ya zaɓo tsoka mai kyau ya jefa, ta faɗi kamar kamu biyu daga ƙafafunsa. Suka ɗan jira. Karen ya dubi naman, ya ɗauke kai ya dubi inda Kaka ta ɓace. Mutumin ya yi dariya ya ce wa direba wani abu, suka wuce. Zuciyata ta yi fari. Na ce a raina, halas, shi ke nan, Kaka ta ci nasara.

Sai ga ta ta zagayo, sanda a hannu, tana nufo shi. Saura taki kamar goma ta tsaya. Ta ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda, ta tafi gefe guda ta faɗi. Sandar ta yi tsalle ta kwanta a tsakanin ta da shi.

Abin da ya biyo baya ihu ne da gudu. Maza suka ɗauke ta a kan tabarma zuwa bakin titi, Baba yana kiran ya ummi, ya ummi. Inna ta saka mini ƙanwata a cinya, ta kama kunnena ta ce, "Guba ce zube a ƙasa ko'ina, yarinyar nan kuma komai ta gani baki take kaiwa. Zauna a ƙofar nan. In na dawo na ga sawunki a waje, sai na karya ƙafar." Ta bi su. Ba wanda ya tuna da kare.

Lungu ya yi tsit. Ni a ƙofa, shi a gindin bango, nama a gabansa, sanda a ƙasa.

Ku da kuka tashi cikin na'urar sanyi ba ku san yadda inuwa take tafiya ba. Ni na kalle ta ranar. Ta janye daga ƙafafunsa na gaba. Ta janye daga ƙirjinsa. Kafin hantsi ya gama ɗagawa ta shige ƙarƙashin bango, ta bar shi a fili, ga gwangwani a bayansa yana huci kamar tanda. Harshensa ya fito har ya yi tsawon da ban taɓa gani ba. Yana ɗaga ƙafa ɗaya, ya ajiye, ya ɗaga ɗayar, saboda ƙasa ta yi zafi. Gindinsa bai bar wurin ba.

Na kira daga ƙofa. Na ce yalla, na ce tashi, na ce zo. Kunnen nan mai lafiya ya motsa, shi ke nan. Ai an koya masa ba a tashinsa daga nesa.

Wata maƙwabciya ta wuce da tulu. Na ce, "Khala, karen Kaka zai mutu." Ta ce, "Ke rabu da shi, ya binti. Kare ne, in rana ta dafa shi zai nemi inuwa." Ta shige gidanta ta ja ƙofa.

Na dubi sandar ya fi sau ɗari. Taki ashirin ne daga inda nake. Amma Inna ta ce in zauna, Kaka kuma ta ce ita kaɗai ke tashinsa. Na riƙe maganganun nan biyu, na zauna a kansu har aka kira azahar.

Lokacin ya daina ɗaga ƙafa. Kansa ya sunkuya, numfashinsa ya koma wani irin gurnani. Na ɗaure ƙanwata a ƙafar gado da ɗankwalina, na fita. Ƙasa ta ƙone mini tafin ƙafa. Na ɗauki sandar, ita ma zafi, na tsaya a gabansa inda Kaka take tsayawa. Na buga sau biyu. Na ce, "Yalla."

Ya tashi.

Wato ya yi niyyar tashi. Ƙafafun gaba suka miƙe, na baya suka ƙi, ya kife a gefe yana kallona, jelarsa ta bugi ƙasa sau ɗaya. Ashe ko a hannun wa sandar take zai ji. Ashe tun da safe zai ji.

Na kama shi da hannuna biyu, ni da ban taɓa taɓa shi ba, na ja shi cikin garke. Na juye masa ruwan randarmu duka. Bai kai la'asar ba.

Da yamma mai amalanke ya zo, ya ga gawar, ya ce, "Wannan ma ya ci rabonsa." Na nuna masa tsokar tana nan inda ta faɗi, ta bushe ta yi baƙi, ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Na ce, "Ammi," wato baffa, "bai ci ba." Ya ɗaga kafaɗa, ya jefa shi a kan sauran.

Inna ta ga sawuna, ta ga randa babu ruwa. Ba ta dake ni ba. Ta sa na wanke hannu sau bakwai, na farko da ƙasa.

Kaka ta dawo bayan kwanaki, baki a karkace, magana ta tafi. Da aka shigo da ita ta juya ido wajen gindin bangon, ta daɗe, sannan ta dube ni. Na ce mata, "Bai ci ba, Kaka. Bai kuma tashi ba." Ta rufe ido. Ta yi shekara guda a kwance, ni nake juya ta, kuma har ta rasu ban gaya mata cewa ya ji sandar a hannuna ba.

Yanzu inda garken yake gini ne mai hawa shida, ƙasansa shagon wayoyi. 'Ya'yan jikokina Hausa sai dai su ji, su amsa da Larabci. Suna cewa na cika tsanani, kuma gaskiyarsu ne, in na ce a zauna a kan zauna. Amma ban taɓa ce wa yaro zauna na juya baya haka kawai ba. Sai na gaya masa har zuwa yaushe, na gaya masa wa zai iya tashinsa in ban dawo ba. Sannan na ƙara masa da wadda ba wanda ya gaya mini: in rana ta iso inda kake, tashi.