Ranar da Ya Hau Bedi Ban Dawo Ba

Mijina ya zubar mini da mutunci a Ƙofar Guga saboda ƙyashin sayen fulogin inji, kuma har yau ban ce masa na yafe ba.

Sana'arsa saran itace, amma ba faskare ba. Shi ake kira idan reshe ya kwanto kan rufin kwano, ko ya kama wayar wuta, ko tsohon icce ya fara barazanar faɗa wa mutane. Yana da injin yanka mai sarƙa, na hannu ya saye shi, ya girmi autarmu. Kullum da yamma yana zaure da magagari yana wasa haƙoran sarƙar, baƙin mai har gwiwar hannu. A GRA aikin ba shi da wata al'ada, gidaje da tazara, ka hau ka sauko ba ruwan kowa. Cikin gari kuwa katanga jikin katanga take, wanda ya hau iccen bedi ɗaya ya ga tsakar gidan maƙwabta duka. Don haka ba a hawa sai an sanar. Namiji ba ya shiga gidajen mutane, ni ke shiga. In yi sallama in ce za a hau sama, a kimtsa. Mata su kwashe shanya, mai wanka ta gama, kowa ta ja mayafi ko ta shige ɗaki.

Na riƙe aikin nan da ƙarfi, har da abin da ba a sa ni ba. Na taɓa sauko da wani mai ɗaura tankin ruwa daga kan soro da bakina kawai, unguwa na kallo. Mata suka san in dai ni na ce ba kowa a sama, to ba kowa.

Ranar da nake magana, bedin gidan wani Alhaji za a rage wa rassa kafin damina. Bayan katangarsa gidan Malama ne, tsohuwar da ta koya mini karatun boko bayan na yi jika. A tsakar gidanta muke zama da yamma, mu manyan mata, tana riƙe mana hannu muna zana baƙaƙe. Duk zaman da na yi gabanta ban taɓa ganin ko gefen kanta ba. Hijabinta har ƙasa, ko ana zafin da kaza ke buɗe baki.

Da hantsi na zaga gidajen na sanar. Mata suka shige. Inji ya ce bai san zance ba.

Malam, mijin nawa, ya ja igiyar tada injin har kafaɗarsa ta riƙe. Ya kwance fulogi ya goge da samfefa, ya ɗiga masa fetur ya ƙona, ya mayar. Shiru. Ya buɗe kafireta ya hura da baki, ya tofar, ya sake ja. Tun kafin Sallah nake ce masa ya sayi sabon fulogi, yana ce mini wannan ɗin ya saba da injin. Alhaji na zaune kan kujerar roba yana tsokanarsa, wai ko a karɓo masa wuƙar yanka kuɓewa wajen Hajiya, za ta fi sauri. Malam na dariyar yaƙe, gumi na ɗiga kan injin.

Rana ta take, mata na cikin ɗakuna kamar an turara su. Tausayi ya kama ni, ga tukunyata a wuta. Na ce wa Malam zan leƙa gida, kada ya taka tsani sai na dawo. Ya ce to, bai ɗago ba. Na sake bin gidajen ina cewa su fito su sha iska, inji ya ƙi, ba mai hawa sai na dawo da bakina na faɗa. Malama daga cikin ɗaki ta sa mini albarka, ta ce dama bayanta ya matsa mata.

Ina tuƙa tuwo na ji kukan injin. Na saurara, na ji kukan ba daga ƙasa yake fitowa ba. Na yar da muciya na fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Gidan Malama na faɗa ko sallama babu. Tana tsakar gida kan tabarma, ɗaurin ƙirji, surukarta na shafa mata man zafi a baya. Kanta ba ɗankwali. Ashe ciwon da ta yi bara ya kwashe gashin, sai ɗan fari-fari a gefe. Surukar ta ruga ɗauko mayafi, ita kuwa gwiwa ba ta barinta tashi da sauri. Sai ta jawo faifai ta kife a kai, ta duƙe, garin katako na zubo mata. A sama ga mijina zaune kan reshe, inji na ihu a hannunsa.

Na tsaya tsakaninta da iccen na baza mayafina, ni da kaina na san aikin banza nake. Muka kama ta muka shigar ɗaki. Ba ta yi faɗa ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta dube ni kawai ta ce:

"Kin ce sai kin dawo."

Ni mai bakin da ke sauko da ƙato daga soro, ranar sai na ja mayafina na fito.

Da yamma ban je karatu ba. Wata maƙwabciya ta leƙo aron rariya, tana tambaya ko yau mai sanarwa ce aka manta a sanar wa. Na miƙa mata rariyar na koma ɗaki. Malam ya shigo yana rantsuwa cewa reshe kawai ya kalla, bai ga komai ba. Wai injin in ya tashi ba a kashe shi, in ya huce sai gobe, ga Alhaji na tsaye a kansa.

Na ce, "Malam, ita ba ta san mi ka gani ba. Ta san dai kana sama, kuma maganata ce ta fito da ita."

Ya hau murza tsumman mai. Na tabbata bai kalla ba, ba halinsa ba ne. Amma ni nake zama gaban matar nan, ni take kama wa hannu. Na rasa da wace fuska zan sake miƙa mata hannun, kuma na san in na bari kwana ya yi biyu, ƙafata ba za ta ƙara taka gidan ba.

Da gari ya waye na hana shi taɓa injin. Na sa shi ya canza riga, na tasa shi gaba har zauren Malama, na ce ya zauna nan ya jira babban ɗanta, ya faɗa masa laifinsa da bakinsa, ban da labarin fulogi. Ni kuma na ɗauki tsintsiyata da kwando. Na yi sallama sau ɗaya, surukar ta amsa can ƙasa-ƙasa. Ganyen bedi da garin katako na nan warwatse yadda suka zubo, ba wanda ya taɓa. Labulen Malama a sake yake. Na gaishe ta daga waje, ban jira ta amsa ba, na duƙa na fara shara daga bakin ƙofarta.