Kwamfutar Ajinmu a Bazara

Na haura shekara arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kibiya. Kwamfuta ɗaya gare mu, irin ta ɗorawa a cinya, kuma a shagona na ɗinki ake ajiye ta, don ni ke da sola.

Malaminmu ne ya sa mata wani aiki. Ya ce masu binciken magani suna da lissafin da ya fi ƙarfin na'urorinsu, sai su gutsuttsura shi su raba wa duk mai so, kamar gayya. Kwamfutarka ta yi nata yankin, ta mayar musu ta intanet, a ba ta wani. Da na ji gayya ce, na ce a bar ta ta riƙa yi in ba darasi.

Saboda ganin girmanta, na ɗinka mata matashi mai laushi na ɗora ta a kai. Da bazara ta kama, sai ta fara huci, ta ɗauke da kanta. Sau uku a mako guda. Lokacin malam yana Rano wajen wani horo.

Babbanmu a aji wani Alhaji ne mai sayar da hatsi daga Tarai. Ya taɓa ta, ya janye hannu.

"Malam tela, dafa mana ita kake yi? Sai ka zuba gishiri."

Aka yi dariya, amma aka yanke magana: in ta sake ɗaukewa kafin malam ya dawo, za a cire aikin. Ban ga laifinsu ba, da ita muke koyon rubutu. Ni dai ban so a ce mun shiga gayya mun gudu rana tsaka.

Na kira malam a waya. Ya ce, "A kan me take?"

"A kan matashi."

"Haba Baba! Ai ta ƙasa take shan iska. Ka toshe mata hanci."

Na sauke ta, na ɗora gefunanta a kan bulo biyu. Ta yi sauƙi, amma da azahar har yanzu ba ta taɓuwa. Na sake kira. Ya ce ƙwaƙwalwarta tana jin umarni iri biyu. Akwai wanda ke sa ta haɗa lissafi da yawa a lokaci guda, yana da sauri amma yana gasa ta. Akwai na da, mai bi ɗaya bayan ɗaya. Shi ya zaɓi mai saurin tun lokacin sanyi. Yanzu sai ni zan canza, kuma wurin canzawar da Turanci yake.

Ya riƙa faɗo haruffan, ina rubutawa a littafina. Da muka gama, na zauna ina neman kalmomin a allon kwamfutar, harafi bayan harafi, yatsana a kan takarda. Sau biyu ina ɓata hanya ina komawa farko. Wata mai karɓar ɗinki ta zo, na ba ta haƙuri. Sai bayan la'asar na sami wurin canzawar. Na cire alamar da ke kan mai sauri, na sa a ɗayan.

Hucin ya lafa. Aikin kuwa ya koma tafiyar hawainiya. Yankin da take gamawa a wuni ɗaya ya koma kwana biyu. Alhaji ya ce ko jakinsa ya fi ta hanzari. Na ce ya jira mu gani ko za ta ɗauke.

Kwana biyar ba ta ɗauke ba. Ranar da malam ya dawo, ya duba abin da na canza, ya tambayi wanda ya taya ni. Na nuna masa littafina. Ya juya ga Alhaji.

"To, Alhaji, a cire?"

Alhaji ya ɗora tafinsa a kanta, ya daɗe bai ɗauke ba.

"A bar ta ta yi," in ji shi. "Amma kada tela ya sake yi mata ɗinki."