Gwaggo Tsaf da Kicin ɗin Iya

Da hantsi za ka gan ta a ƙofar gidan da za a sayar, bokiti a hannu, ƙunshin tsummoki a hammata, tana jiran dillali ya kawo makulli. Dillalai da masu hoto duk Gwaggo Tsaf suke ce mata, don ba ta barin kicin sai ta ja da baya, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Yauwa, tsaf." Aikinta shi ne shirya ɗakin girki kafin a ɗauki hotunan da za a nuna wa masu saye. Ƙarshen watan nan za ta ajiye bokitin, gwiwoyi sun ce sun gaji, shi ya sa na ce ba za ta tafi shiru ba.

Wasu sun ɗauka shara ce kawai da goge-goge. Ina! Sai ta kwashe komai daga kan kanta, tukwane da ludayi da soso, har tsumman da ke rataye a jikin murhu. Ta ɓamɓare abin da aka manna a ƙofar firji, ta ɓoye kwandon shara, ta kankare maiƙon da ya shekara a bango, ta goge famfo har ya ɗauki ido. Sannan ta zuge labule, ta kunna fitilu, ta ajiye kwanon lemo a tsakiya. Mai saye so yake ya ga ɗakin da ba kowa, don ya hango iyalinsa a ciki. "Sawun masu gida nake sharewa," in ji ta, "kamar ba su taɓa dafa ko ruwan zafi ba."

Sai dai tana da ƙa'ida guda da ta sha haɗa ta da dillalai. Ba ta ɗaga ko cokali sai mai kicin ta ba ta izini, wato wadda ke tsayuwa gaban murhun, ba mai riƙe da makulli ba. Su ce ɓata lokaci ne, ita ta ce ba ɓarauniya ba ce ita, da za ta shiga kwanukan mace babu sallama.

Mai hoton da suka daɗe suna aiki tare shi ya ba ni labarin ranar da wannan ƙa'ida ta girgiza gida guda. Har yau in ya zo wannan wurin a labarin, sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

Gidan wata tsohuwa ne da ake kira Iya. Babban ɗanta ne ya tarbe su, shi da dillali. Gwaggo ta leƙa kicin, sai ta yi turus. Gwangwani ɗaya an ɗaura masa zare, wani an naɗe shi da roba. Wuƙa na kwance, bakinta na kallon bango. Ta danna makunnin fitila, shiru, ƙwan ya daɗe da mutuwa ba wanda ya canza.

"Ina mai kicin?" ta tambaya.

"Tana ɗaki. Ki fara kawai, Gwaggo," in ji ɗan.

"Sai na gaishe ta."

Ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Iya ba ta gani, idon ya daɗe da tafiya. Kuma ba ta san za a sayar ba. Mun ce mata masu fenti ne za su zo duba bango. Don Allah kada ki ce komai."

Saura kaɗan bokitin ya suɓuce mata. "Innalillahi! Me ka ce?"

Nan take ta gane abin da take kallo. Zaren nan sukari ne, robar nan gishiri. Tsohuwar da hannu take girkinta, ita kaɗai, kuma wannan ɗaki shi ne wuri na ƙarshe a duniya da ba ta bukatar a ja ta. A gusar da gwangwani guda, ta miƙa hannu neman gishiri ta kama wuta.

Ba mugu ba ne ɗan, a gaya gaskiya. Iya ta sha faɗuwa a matakala, rufi na yoyo, shi kuma nesa yake zaune, yana so ya ɗauke ta ta koma wurinsa. Duk sanda ya buɗe baki zai faɗa mata, sai bakin ya mutu. Shi ne suka shirya in ranar tashi ta zo, a ce mata ziyara za ta je. Ziyara! Jama'a, ku ji fa. A sa uwa a mota da mayafi ɗaya, ta bar butarta a kan murhu tana tsammanin dawowa da yamma.

Dillali ya duba taga. "Gwaggo, haske zai wuce. Ba ruwanki da maganar iyali. In ba za ki yi ba, akwai masu yi, kuma kada ki sake jiran kirana."

Sai ta kife bokitin a bakin ƙofar kicin, ta zauna daram a kai.

"Kira su," ta ce. "Amma duk wadda ta zo, ta kaina za ta bi." Ta juya wajen ɗan. "Ni ba zan faɗa mata ba, ba bakina ba ne. Kai ta haifa."

Suna cikin haka sai ga Iya ta fito tana lalube bango. "Wa ke bakin kicin ɗina? Masu fentin ne?"

Gwaggo ta kafa wa ɗan ido, ba ta ƙifta ba. Ya dubi dillali, dillali ya dubi takalminsa. Ɗan nan, da furfurarsa a gemu, ya durƙusa a gaban uwarsa, ya faɗa mata komai.

Iya ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta dafa ƙyaure da hannu biyu. "Gidan?" ta ce. "Wannan gidan?" Can ta ce, "Yaushe za ku gaya mini? Sai na ji baƙo yana wanke hannu a famfona?" Mai hoto ya ce bai san sanda ya rufe kyamararsa ya koma bayan ƙofa ba.

Da Iya ta samu ta zauna, Gwaggo ta rusuna kusa da ita. "Iya, ni ce aka kawo in kwashe kayanki don a ɗauki hoto. In kin ce a'a, na ɗauki bokitina na tafi."

Tsohuwar ta ce, "Kawo kwali. Ni zan miƙo miki."

Haka aka yi. Iya na ɗauko abu ba tare da lalube ba, tana miƙowa. Gwaggo kuwa ba kayan take kallo ba, hannun take bi: daga ina ya tashi, ina ya sauka, yaya nisansa da murhu. Sai ta rufe ido ta gwada da nata hannun. An ɗauki hoton a makare, dillali na ta tsaki. Yana fita Gwaggo ta mayar da komai mazauninsa, Iya ta bi da yatsu tana dubawa, ta gyara zaman ashana kaɗan, ta ce, "Kin yi ƙoƙari."

Ke ce, Gwaggo, kika zauna a kan bokiti kika tsare wa makauniya ƙofarta, alhali ba ki san ta ba, ba ta kuma san ki ba. Ke ce kika san dillalin nan zai cika maganarsa, ya kuwa cika, kika daɗe ba ki ga kiransa ba, amma ba wanda ya ji kin yi ƙorafi. Mai goge maiƙo, wadda ba ta goge gaskiya.

An sayar da gidan. Ana gobe za a kawo Iya, matar ɗan ta ji ana buga mata ƙofa. Ta buɗe, sai ga baƙuwar dattijuwa da bokiti, ba wanda ya aiko ta.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Ke ce mai kicin? Aron gefe guda na zo yi wa surukarki."

Matar ta saki baki. A ce baƙuwa ta zo daga sama tana neman rabin kantarki! Amma da ta ji bayani, da kanta ta shiga kwashe kwanukanta. Kicin ɗin ya fi na Iya ƙunci, famfon ma a ɗaya hannun yake, wannan kam ba yadda za a yi da shi. Sauran kuwa Gwaggo ta jera su ido a rufe, tana aunawa da tafin hannu.

Kashegari aka kawo Iya bakin ƙofar, ta ƙi shiga. "Me zan yi a kicin ɗin mutane?"

Gwaggo ta kama hannunta a hankali, ta ɗora a gefen murhu, ta saki. Hannun ya tafi hagu da kansa, kamar yadda ya saba, ya taɓa gwangwani mai zare. Iya ta ƙame. Ta ƙara gaba, ga mai roba. Ga ashana. Ga wuƙa, bakinta na kallon bango.

"Subhanallahi," ta ce. "Wa ya yi wannan?"

Matar ɗan tana share ido da bakin zane. Iya ta ja dogon numfashi, ta ɗaga buta, ta ce, "To ku matsa mini. Shayi za ku sha ko kuwa?"

Ba zan ce komai ya warke ba. Iya ta daɗe tana amsa gaisuwar ɗanta a taƙaice, kuma har yau takan nemi famfo a inda ba ya nan. Amma tana dafa abinta da hannunta.

Mun gode, Gwaggo Tsaf. Hotunan kicin da kika shirya sun cika wayoyin mutane, ba ɗaya da ya nuna ko inuwarki. Allah ya hutar da gwiwoyinki, ya ba ki masu neman izininki ranar da naki ƙarfin ya tafi. Ku kuma masu shiga gidajen mutane da sunan aiki, ku yi koyi da ita. Duk wanda ke da tsohuwa ko tsoho a gida, yana ɓoye masa abin da ya shafe shi wai don tausayi, ya tashi yau ya je ya durƙusa ya faɗa da bakinsa. Wadda za ta zauna a ƙofa ta tilasta muku ta kusa ajiye aiki.