Fansar Fadamar Babanmu

Shekarar da aka ba mu jiha aka maido ni aiki Birnin Kebbi daga Sakkwato. Abin da na fara sa wa rai shi ne fadamar babanmu da ke bakin gulbi a Argungu. Ya jinginar da ita ga wani maƙwabcinsa lokacin jinyar da ta zama ajalinsa, shekara shida ke nan mutumin yana cin amfaninta.

Ajiyata ba a banki take ba. Shanu huɗu ne a hannun wani Bafulatani, ba haraji, ba mai tambaya, kowace shekara sai ƙaruwa. Na kora su kasuwa gaba ɗaya, har da saniya mai ciki. Bafulatanin ya ce in bari ta haihu, na ƙi. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba.

A wurinmu ba a fansar gona da shuka a cikinta, sai mai riƙo ya kwashe abinsa. Mutumin nan ya san haka sarai. Na kai kuɗi da damina, ya ce shinkafa na ciki. Na koma bayan yankan shinkafa tare da dattawa biyu don shaida, na tarar ya dasa albasa a gefe guda tun kafin ya gama kwashe shinkafar ɗaya gefen.

"Baba, ga kuɗinka," na ce.

Bai ko ɗago daga ban ruwan da yake yi ba. "Ɗana, albasa na ciki. Ka komo in munka cire ta."

"In kunka cire kuma, mi za ka sa?"

"Abin da Allah Yah hore," in ji shi, ya yi 'yar dariya.

Dariyar nan ce ta kwance mini kai. Na faɗa cikin albasar ina tumɓuka da hannu biyu, ina tattakewa. Ya sheme ni da ƙotar fartanya a goshi, jini ya rufe mini ido. Na fizge ta na maka masa a dantse, na ji ƙashin ya karye kamar busasshen kara. Ban tsaya ba. Na danne shi cikin taɓo ina cusa fuskarsa a ruwa, yana shure-shure, dattawan na jan rigata suna salati. Tsoho ne sa'an ubana, kuma wallahi a lokacin daɗi nake ji. Wannan shi ke ba ni kunya har yau.

An yi ɗori sau biyu, hannun bai sake ɗaukar fartanya ba. A gaban mai gari 'ya'yansa suka ce ko dai kotu, ko in bar musu fadamar har abada. Kotu na nufin gidan yari da rasa aiki. Na sa hannu a takarda.

Da na shiga gida innarmu na tsintar shinkafa a faifai. Na ajiye kuɗin shanun a gabanta, ba abin da ya ragu a ciki. Ta tura su gefe da bayan hannu.

"Ubanka jingina yay yi," ta ce. "Kai kas saida ta."