Layar Kakana a Ƙarƙashin Bututun Bindiga

Ni jikan maharbi ne, kuma duk wanda ya taɓa shan shayi da ni a garin Greensboro na Amurka ya san haka, don ban bar kowa ya manta ba. Kakana, a yadda nake ba da labarin, yana harbin sauro a ido daga tsallaken kogi, ya kuma tambaye ka idon hagu kake so ko na dama. Saboda haka da na lura barewa sun yi yawa a garin nan har suna tsallaka titi kamar masu zuwa kasuwa, sai na ce lokaci ya yi da jini zai yi magana.

Na yi karatun lasisin farauta, na ci. Sannan na nufi wani katafaren kanti a titin Wendover, na ce a nuna mini bindigar da ta fi kowace saiti. Mai kantin ya ɗauko wata mai ƙotar katako tana sheƙi, da madubin hange a kanta wanda za ka iya ƙirga gashin gemun mutum yana can unguwar Irving Park. Ya yi ta bayani a kan bututunta, ina gyaɗa kai. Me za a koya wa jikan maharbi?

Uwargida ta dubi bindigar, ta dube ni.

"Baban yara, barewar nan sun cinye mini kabeji da alayyahu a bayan gida. Idan lokacin farauta ya ƙare ban ga naman ko ɗaya a firiza ba, abin nan zai koma inda ya fito."

Na ce ta fara neman kayan yajin kilishi.

Kafin in fita gwaji, sai na ciro wata tsohuwar laya da Inna, mahaifiyata, ta sa mini a jaka ranar da zan bar gida, ta ce ta kakana ce. Na ga akwai ɗan sarari tsakanin bututun bindigar da katakon da ke ƙarƙashinsa, kamar don ita aka bar shi. Na cusa ta ciki da tsinken tsire har ta ɓace.

A filin gwajin harbi na tafi da abokina Dakta, mutumin Damagaram da ke koyar da injiniyanci a jami'a, wanda ya daɗe yana farauta. Na yi bismilla na ja kunama. Harsashin farko ya sami gefen takardar da aka kafa don harbi. Na biyu ya tayar da ƙura. Na uku kuwa har yau ana cigiyarsa.

"Iska ce," na ce.

Dakta ya ɗaga kai ya dubi ganyen bishiya, ko motsi ba ya yi. "Bon, Sarkin Baka, iskar cikinka ko?"

Daga nan muka shiga jinya. Muka canza harsashi. Muka ɗaure kusoshin madubin har hannuna ya yi kanta. Muka wanke bututun kamar za a ci tuwo a ciki. Dakta ya ce ina rufe ido kafin in harba, na ce ƙyafta ido sunnar halitta ce. Da ya karɓa ya harba da kansa, shi ma ta watsa masa ƙasa a ido, sai na ji sanyi a raina.

Ya zauna yana jujjuya ta. Ya ce irin wannan bindiga, bututunta ba ya son komai ya taɓa shi, don idan harsashi ya fita yakan yi rawa, kuma dole ya yi rawar iri ɗaya kowane lokaci. Ya yagi 'yar takarda ya zura ta ƙarƙashin bututun don ya nuna mini sararin. Takardar ta tafi, ta tafi, ta cije.

Da ya zaƙulo layar, sai ya riƙe ta da yatsa biyu yana dariya har da hawaye.

"Malam, ka sayi dokin sukuwa ka ɗaure masa turmi a ƙafa!"

Bayan an cire ta, harsasaina suka fara taruwa wuri ɗaya kamar 'yan gida ɗaya. Na ce to, layar ba ta yi laifi ba, masauki ne bai dace da ita ba. Na rataye ta a wuya.

Haka na yi ta zuwa dajin wani manomi da ya ba mu izini, ina sanye da riga ruwan lemo mai ƙyalli kamar mai gyaran titi. Dakta ya samu barewarsa. Wani tsoho da ke dogara sanda ya samu tasa. Ni kuwa ko wutsiya ban gani ba. Kurege ma idan ya hango ni sai ya canza unguwa. Ina dawowa gida kuma in tarar barewa sun yi walima a lambun uwargida.

Da lokacin ya ƙare, na kira Inna a waya, uwargida na gefe tana tsince shinkafa. Na ce, "Inna, layar maharbin nan taku ba ta san dajin Amurka ba."

"Wane maharbi?"

"Kakana mana."

Inna ta yi dariya har ta sarƙe. "Kai, ɗan nan! Kakanka manomin gyaɗa ne. Layar korar dabbobi ce, a bakin gona yake rataye ta. Bindigar tokarsa kuwa sama yake harbawa in birai sun dame shi, shi ma sai ya toshe kunne ɗaya."

Na kashe wayar a hankali. Washegari bindiga ta koma Wendover. Da na dawo, uwargida ta miƙo hannu.

"Kawo layar in rataye a lambuna. Tsakanin kai da bindigar da ita, ita kaɗai ce ta san aikinta."