Guduma da Tsohon Maigadin Maɗaba'a

Guduma muke ce masa a ofishin kashe gobara, saboda wata 'yar guduma mai ƙotar katako da ba ta rabuwa da ɗamararsa. Gajere ne, kakkaura, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu, kuma magana ba ta dame shi ba. Ni direban babbar mota ne. A aikin na same shi, muka yi shekara tara tare, don haka abin da zan faɗa a kansa wani na gani da idona, wani shi ya gaya mini, wani kuma daga bakin matarsa na ji.

Da can shi ne mai riƙe bakin mesa, wato na gaba idan za a shiga wuta. Abokin shigarsa Dogo ne, kuma tsofaffin ofis sun ce idan suka jera sai ka rantse tsani ne da bokiti. Wata ranar Laraba da hantsi wani sito da aka daɗe da barinsa ya kama da wuta. Cikin 'yan kallo wani ya rantse ya ji kukan mutum a ciki, su biyun suka saka takunkumin iska suka kutsa. Ba wanda ya san ɓarayin ƙarfe sun riga sun kwance rabin abin da ya tokare rufin. Ba su yi minti biyar ba ya rufto. Aka zaro Guduma da karyayyen ƙugu, Dogo kuwa sai gawarsa. Da aka gama tone wurin, ba a sami kowa ba, ko mage.

Wata bakwai ya yi yana jinya. Da ya dawo aka ba shi tebur da kujera, ya yi mako biyu a kai, sannan ya je wurin shugaban ofis ya roƙi a bar shi ya riƙa zagaya gine-ginen da ba kowa, yana duba su tun wuta ba ta zo ba. Shugaba ya ce ba a taɓa irin wannan aiki a nan ba, kuma babu mota. Guduma ya ce yana da keke.

Haka ya fara. Kullum da safe zai ɗaura gwangwanin jan fenti a bayan keke, ya rataya tocila, ya soke littafi a aljihu. Idan ya isa gini ba ya shiga kai tsaye. Sai ya zagaye shi tukuna, yana kallon bango ko ya yi ciki, yana duba tsagar da ta tashi daga kusurwar taga, da inda ruwan sama ya zauna har bishiya ta tsiro a kan rufi. Daga nan ya shiga yana ƙwanƙwasa ginshiƙai. Ya ce lafiyayyen kankare amsawa yake yi tas, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ka bugi kabewa. Yana lissafa ƙofofin da aka toshe da bulo, da matakalar da aka sace mata ƙarfen riƙewa, da ramukan da ke daɓen bene, da duk abin da aka jibge a ciki mai cin wuta. In ya fito sai ya zana akwati mai kusurwa huɗu a jikin bango, inda fitilar motata za ta haska. Layi ɗaya a cikin akwatin yana nufin a shiga da hankali. Layi biyu a gicciye, kada kowa ya shiga, a yi yaƙin daga waje. In kuma ya ga alamar mutum na kwana a ciki, tabarma ko murhu ko igiyar shanya, sai ya ƙara da'ira a gefe.

Mun sha tsokanarsa. Mukan ce ga likitan kangaye ya dawo, yau wa ya mutu? Sai ya ce duk suna nan da sauran numfashi, mu ne dai ba ya so mu riga su. Matarsa ta ce ko gidan surukai suka je gaisuwa, ana hira shi idonsa na kan silin, har wata rana mahaifiyarta ta tambaye shi ko ya ga ɓera ne. 'Ya'yansa mata uku sun saba, in ya shigo gida da ƙura har gira, babbar ce ke kai masa ruwa bayi ba tare da ya tambaya ba.

A shekara ta takwas da fara wannan aiki ya shiga tsohuwar maɗaba'a da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Bene ne mai hawa uku, an rufe shi tun da masu shi suka watse, magada kuma suna kotu. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali. A hawa na biyu akwai ɗaurin takardu jibge har kusan rufi, ruwan sama ya jiƙa su shekara da shekaru sun yi nauyin dutse, daɓen ya lotsa a tsakiya. Rodin ginshiƙai ya fito fili ya yi tsatsa. Matakala ɗaya ce ta rage, ita ma ta katako. A ƙasa kuma ga gangunan tawada da man wanke inji.

A wani ɗan ɗaki kusa da ƙofa ya tarar da tsoho yana ɗinke takalminsa. Shi ne maigadin maɗaba'ar tun tana aiki, da aka rufe kowa ya kama gabansa, shi ba wanda ya ce masa ya tafi, shi ma bai tafi ba. Ɗakin tsaf yake, da gadon ƙarfe, da risho, da rediyo mai igiya a maimakon eriya. Ya ba Guduma kujera, ya kira shi ɗana. Guduma ya yi masa bayanin daɓen da ya lotsa, ya ce ginin nan ko ba wuta zai iya sauka a kansa. Tsohon ya yi dariya, ya ce shi da ginin sa'o'in juna ne, suna jiran su ga wa zai riga faɗuwa.

Guduma ya zana gicciye a bango, ya ƙara da'ira. Ya koma sau huɗu yana lallashi. Ya nemo masa gurbi a wani gidan kula da tsofaffi, tsohon ya ce ba zai je inda za a riƙa kashe masa fitila ba. A karo na ƙarshe Guduma ya ce masa, "Baba, in wuta ta tashi a nan, ni na rubuta kada kowa ya shigo. Ka gane abin da nake faɗa?"

"Na gane, ɗana. Kai dai yi aikinka."

Da lallashi ya ƙi, Guduma ya rubuta takarda zuwa hukumar kula da gine-gine, ya ce akwai rai a cikin haɗari. Ya zaci za su turo wanda zai zauna da tsohon. Sai suka turo mota da ƙarti huɗu, suka fitar da gadon da rishon suka ajiye a bakin titi, suka garƙame ƙofa da sarƙa. Guduma bai san an yi ba sai bayan kwana uku. Ya je ya tarar da ɗakin wayam. Mai shayin bakin titi ya ce ya ga tsohon ya ɗauki ƙunshinsa ya yi wajen tasha. Guduma ya tsallaka ta taga, ya zagaya ƙasa duka, ya tsaya a gindin matakalar katako ya yi kira har sau uku, shiru. Ya haska tocila sama, ya sa ƙafa a kan mataki na farko ya ji ya motsa, sai ya janye. Bayan mako biyu ya sake komawa, ya sake kira. Ranar ce ya shafe da'irar da farin fenti, ya gyara littafinsa.

Wata biyar bayan haka, da la'asar sakaliya, aka buga ƙararrawa. Ni na tuƙa motar farko. Tun daga kan gada muka hango hayaƙi baƙi ƙirin, mai kauri, yana murɗawa. Muna tsayawa shugaban ayari ya dubi bango, ya ga gicciye ba da'ira, ya ɗauki oba-oba ya ce kowa ya tsaya waje. Ya sa na ja mota baya, nesa da inda bango zai iya kaiwa in ya faɗi. Aka kafa manyan mesa uku daga kusurwoyi, aka juya ɗaya kan shagunan maƙwabta don kada wutar ta tsallaka. Wasu cikin abokan aikinmu suna ta ƙunƙuni, wai an mai da su masu ban ruwan lambu.

Guduma ya iso a kan kekensa yana haki. Shugaban ayari ya tambaye shi minti nawa yake ba ginin, ya ce in ya kai ashirin ya yi ƙoƙari. A minti na goma sha bakwai hawa na biyu ya sauka a kan na ƙasa, bangon gaba ya biyo shi, bulo ya watsu har inda motata ta fara tsayawa. Da mun shiga yadda aka saba, mutum shida ne za su kasance a ƙarƙashinsa. Ranar har rungumarsa aka yi.

Washegari da safe, muna juya ɓaraguzai muna kashe sauran garwashi, ɗaya daga cikinmu ya ga ƙafar gadon ƙarfe. Gadon daga hawa na uku ya faɗo. Tsohon yana kusa da shi.

Daga baya aka haɗa labarin. Ashe bai yi nisa ba. Kwana biyu ya yi a tasha, ya dawo ta wata kafa a bangon baya, ya kwance gadonsa da aka bari a bakin titi ya hau da shi gunduwa-gunduwa har can sama, inda ya tabbata ba mai hawa. Mai shayi ya san ya dawo, amma tsohon ya roƙe shi kada ya gaya wa mai jan fenti, don shi ne ya kawo masa masu sarƙa. Ke nan duk kiran da Guduma ya yi a gindin matakala, yana sama yana ji.

An kafa kwamiti, aka zauna sau biyu, aka wanke Guduma. Rahoton ya ce ko da da'irar tana nan, ba shugaban da zai tura mutane hawa na uku ta matakalar katako a cikin irin wannan wuta. Har takardar yabo aka ba shi. Ya karɓa ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. A mota ya ce mini shi ba shigar ce ke damunsa ba. Da da'irar tana nan, in ji shi, da ni direba na ɗaga dogon tsani zuwa tagogin sama tun isowarmu, da an fasa gilashi an leƙa. Na ce masa hayaƙin ya riga mu, likita ma ya faɗa. Ya ce likita bai san minti nawa ba ne, ni ma ban sani ba.

Bai daina aiki ba, amma ya canza. Ya daina rubuta wa hukuma takarda a kan kowa. Ya shiga hawa duk matakalar da ya gani, ruɓaɓɓiya ko lafiyayya, har sau biyu ƙafarsa tana burmawa. Shugaba ya yi masa faɗa, ya ce mutumin da ke hana mu shiga shi ne yanzu ke neman kashe kansa. Matarsa ta ce abinci sai ta tsaya a kansa, kuma ya bar zama cikin 'ya'yansa ana hira. Ta taɓa ce masa, Baban yara, mutum shida fa suna gidajensu saboda kai. Ya ce ya sani, yana ganinsu kullum, ɗayan ne ba ya gani. Tari kuma ya kama shi, irin na ƙurar tsofaffin gine-gine, ga ciwon ƙugun da ke tashi duk damina. Shekara biyu bayan gobarar likitan ma'aikata ya ce ya isa haka, aka sallame shi.

Ina gidansa wata ranar hutu wata dattijuwa ta yi sallama, da jaka a hannu, ta sha hanya. Ƙanwar tsohon ce. Labari bai same ta ba sai a bana, ta bi ta ofishinmu aka kwatanta mata gidan. Na zaci rigima ta kawo, har na gyara zama. Matar Guduma ta shimfiɗa mata darduma ta kawo ruwa. Shi kuwa bai jira ta tambaya ba, ya faɗa mata komai, har takardar da ya rubuta, har farin fentin. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce rabonta da yayanta shekara goma sha tara, sun yi saɓani a kan abin da yanzu ko tunawa ba ta son yi, kuma ba ta zo tuhumar kowa ba.

"So nake ka gaya mini yadda ya koma," in ji ta. "Ya yi furfura? Haƙoransa suna nan?"

Guduma ya fara. Ya ce furfura ta cinye kan duka, amma bayansa bai ranƙwafa ba. Haƙoran gaba biyu sun fita. Yana ɗinke takalminsa da kansa, yana share ɗakinsa, kuma in zai yi dariya sai ya rufe ido ɗaya. Nan ta sa gefen mayafi ta rufe fuska, ta ce haka mahaifinsu yake yi.

Ba ta yarda ta kwana ba. Guduma ya ɗauki jakarta, muka raka ta tasha a ƙafa, yana tsayawa yana tari, ita kuma tana jiransa. Da motar ta tashi ya ce mini in wuce kawai, shi zai ɗan zauna a kan benci kafin ya iya komawa.

Har yau ba a naɗa kowa a gurbinsa ba. An ce ana duba lamarin.