Rawayar da Na Shuka wa Inna a Maitumbi

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu da ke bayan Kuta, na ɗauko mahaifiyata na kawo ta gidana a Maitumbi. Jikinta ne kawai ya zo. Kullum zancenta ɗaya ne, da an gama girbi za ta koma, ko da kuwa ita kaɗai ce a garin. Ni kuma na san wace ce Inna. In ta ce za ta yi abu, to an gama.

A gefen katangarmu akwai ɗan fili da nake kira lambu. Sau nawa ina sayen furannin Turawa a bakin titi, masu kyau a cikin leda, ina dasawa. Ƙasar wurin ja ce, rabinta tsakuwa. Ruwan damina ya kwashe na kwashewa, zafin bazarar Minna ya gasa sauran. Inna takan zauna a ƙofar ɗaki tana kallona da bokiti, ta ce, "Kina ta wahala da baƙi. Abin da ba na ƙasar ba ne ba ya zama."

Na san ba da furanni take ba, kuma maganar ta ci mini rai.

Don haka wata ranar kasuwa na tafi Kuta wajen mata masu sayar da saiwoyi. Na bar duk abin da ke son lallashi, na zaɓi abin da na taso ina gani yana fitowa a kan tsakuwa ba mai ba shi ruwa. Na samo reshen minjirya da albasar kwaɗi, sai kuma saiwar rawaya ɗanya, irin wadda Inna ke dakawa ta sa a miya don ta yi launi. Da ta ga saiwar sai da ta karɓa ta sunsuna.

"Ta daji ce wannan. Ba za ta yarda da gidan siminti ba."

"In ta yarda fa, Inna?"

"In ta yi fure, ki zo mu yi magana."

Ita ƙila gatse ta yi, ni kuwa na riƙe shi a matsayin alkawari.

Minjirya ta kama, albasar kwaɗi ta yi farin furenta da damina, Inna ko kallo ba su ishe ta ba. Rawaya ta yi ganye kawai. Da rani ya shigo ta bushe ƙamas, kamar ba a taɓa shuka komai a wurin ba. Ana cikin haka wani ɗan ƙauyenmu mai mota ya zo gaisuwa, ya ce wasu sun fara komawa, shi ma ranar Asabar ta sama zai kai kaya. Na harare shi har ya sunkuyar da kai, amma ya riga ya faɗa. Inna ta ce ya biyo ya ɗauke ta. Cikin watan nan 'yan bindiga suka tare hanyar, kowa ya sani, ita ma ta sani.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san rawaya ba ta fure sai wutar daji ta bi ta kanta. A cikin toka take fitowa, dab da ƙasa, babu ganye ko ɗaya. Na tara busasshiyar ciyawa a kanta na ƙyasta ashana. Wutar ta tashi fiye da yadda na zata, iska ta karkata ta wajen katanga. Maƙwabcinmu, mutumin kudancin Kaduna da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya leƙo yana ihu.

"Madam! Janareta na yana nan baya, da fetur! Kina so ki ƙona mu ne?"

Maigidana ya fito da gudu ya tattake bakin wutar da takalmi. Sai da ta mutu sannan ya juyo ya ce mini, "A kan fure?" Na ce masa a kan uwata. Na ba maƙwabci haƙuri.

Daga ranar ba ni da aiki sai leƙen toka. Kafin in tafi makarantar da nake koyarwa in duba, in na dawo in duba. Baƙi ƙirin, babu ko tsiro. Tsoro nake ji sosai, ko abinci ba ya shiga. Inna kuwa ta wanke zannuwanta, ta yi sallama da matan layi.

Ranar Asabar da hantsi motar ta tsaya a ƙofa, direba ya danna hon. Inna ta fito da mayafinta. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na ciko bokiti na nufi tokar, wai ko ruwa zai fito da abin da wuta ta kasa. Na ɗaga zan kwara ke nan na ji an damƙe mini wuyan hannu. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba.

"Ke! Ruwa a kan toka? Ruɓar da ita za ki yi."

"To ai ta mutu, Inna."

"Wa ya gaya miki? Ke dai ba ki da haƙuri, tun kina yarinya."

Hon ya sake tashi. Ta dubi ƙofa, ta dubi baƙar ƙasar, ta daɗe ba ta sake ni ba.

"Je ki ce masa ya tafi. In na bar ta a hannunki, kashe ta za ki yi."

Na fita na gaya wa direban, ban ma jira amsarsa ba. Da na dawo na tarar ta jawo 'yar kujerarta ta zauna tsakanin bokitin da tokar, tana gadi.